Babi na 6: Zaɓen Imolshan Don Buga Rubutu a Riga

Darasi na 1: Duba fentinka tukuna

Imolshan shi ne ruwan nan mai kauri, shuɗi ko kore ko ruwan hoda, da ake shafa wa ragar allon bugu. Inda haske ya taɓa shi sai ya daskare ya toshe ragar. Inda baƙin zane ya rufe shi kuwa, ruwa zai wanke shi, ta nan fenti zai bi ya sauka a kan riga.

Kafin ka taka kasuwa, buɗe robar fentinka. Akwai fentin ruwa, wanda ke bushewa a kan raga in ka tsaya hira. Akwai fulastisol, mai kauri kamar man shafawa, ba ya bushewa sai an gasa shi da zafi wajen digiri 160. In ba ka san wanne ke hannunka ba, babu abin kunya. Lakato kaɗan a kan kwali, ɗiga ruwa, ka murza da tsinke. In ya narke ya bi ruwan, na ruwa ne. In ruwan ya zame ya bar shi, fulastisol ne.

To, saurara da kyau. Fentin ruwa sai da imolshan mai jure ruwa. Sake karanta layin nan. Fentin ruwa, imolshan mai jure ruwa. In ka haɗa shi da wanda aka yi don fulastisol kaɗai, da farko komai zai tafi daidai. Kana cikin aiki sai bakin haruffa ya fara jiƙa yana yin danƙo, rubutu ya soma yaɗuwa, fenti ya ɓullo inda ba a gayyace shi ba. Rigunan da ka kinkimo daga Kantin Kwari don walimar saukar wata Islamiyya sun tashi a banza ke nan.

In ka je shago, kada ka ce "a ba ni imolshan" ka yi shiru. Ka ce, "Maigida, fentin ruwa nake aiki da shi, ina son mai jure ruwa." Ya nuna maka inda aka rubuta hakan a jikin robar. In karatun Turanci bai zauna maka ba tukuna, tafi da wanda zai karanta maka. Sannu a hankali za ka iya.

Amma wasunku, wallahi, sai na faɗa sau nawa? Mutum ya sayo mai araha, ya dawo yana cewa "Malam, allona ya lalace." Na tambaye shi wane fenti ne, ya tsaya yana sosa ƙeya. Fenti ake fara dubawa, kafin farashi, kafin launi, kafin abin da maƙwabcinka ya saya.

Darasi na 2: Iri uku

Mai diyazo yana zuwa da 'yar kwalbar gari, wato diyazon da ke sa imolshan ya daskare in haske ya taɓa shi, da za ka jiƙa ka zuba a ciki. Yana da araha, kuma ba ya saurin kamawa, don haka ko ka ɗan wuce lokaci a rana zai yi maka afuwa. Wanda ake kira SBQ a haɗe yake zuwa, yana kai shekara a ajiye, amma ranar Kano cikin 'yan daƙiƙu take gasa shi. Bar shi sai ka mallaki akwatin fitila da ake haska allo da shi maimakon rana. Na uku gamin biyun ne, shi ma da 'yar kwalbarsa. Mai koyo da ke haska allo da hasken rana ya ɗauki diyazo ko gamin. Kowanne ka ɗauka, tambayi ko yana jure ruwa.

Darasi na 3: Haɗi da ajiya

Haɗa a ɗaki mai duhu ko ƙarƙashin ƙwan fitila rawaya. Juya sosai, ka bar shi kamar awa 2 kumfa ya kwanta. Rubuta kwanan wata a murfi, domin bayan haɗi sati 4 zuwa 6 yake yi, zafin bazara kuma yana rage masa kwana. Sayi ƙaramar roba. Firij yana taimakawa, amma kada ya yi ƙanƙara.

Darasi na 4: Shanya

Bayan ka shafa imolshan, shanya allon a duhu, a kwance, har sai ya bushe ƙarau. Da hunturu a rufe taga, ƙura tana huda shi. Da damina a ƙara masa lokaci.

Darasi na 5: Gwaji

Gwada a ƙaramin allo, ka rubuta tsawon lokacin haskawa da ya yi kyau.