Babi na 6: Zaɓen Kayan Rage Ƙara a Cikin Mota

Darasi na 1: Ƙarar ƙarfe

Ku ɗauki farantin ƙarfe ku buga shi da cokali. Kun ji amonsa? To, ku ɗora tafin hannu a kai ku sake bugawa. Amon ya mutu. Ƙofar mota da rufinta haka suke, ƙarfe ne marar kauri da yake rawa idan mota tana gudu. Abin da zai yi aikin tafin hannun nan shi ne wata roba mai danƙo, bayanta da alminiyam, ana kiranta butil. A jikin kwalin ku nemi haruffa biyar: B, U, T, Y, L. Ku nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ba abin kunya ba ne. Idan kun ga 2mm, ana nufin kaurinta milimita 2, kuma ya wadatar. Ba sai an liƙa wa ƙofar gaba ɗaya ba, tsakiyar ƙarfen ake liƙa wa, inda ya fi amo idan an ƙwanƙwasa.

Akwai mai kama da ita wadda aka yi da kwalta, ta fi araha. Ku shinshina. In kun ji warin sabon titi, ku ajiye. Mota ta wuni a ranar bazara, kwaltar ta yi laushi, ta zame, ta cika motar da wari.

Darasi na 2: Soso

A nan yawancinku kuke faɗuwa, don haka mu tafi a hankali. Shi ma soso ana sa shi a mota don rage ƙara, kuma iri biyu ne: mai shan ruwa da marar shan ruwa. Na cikin ƙofar mota marar shan ruwa ne, domin ruwan sama yana bin gilashi ya gangara cikin ƙofa.

Ga gwajin. Ku karɓi ɗan guntu, ku tsoma a ruwa, ku fitar, ku matse. Idan ruwa ya zubo kamar soson wanke-wanke, ba shi ba ne. Idan ruwan a bayansa kawai ya tsaya, shi ne. Mu sake: tsoma, fitar, matse. Kada ku damu in kun manta, kowa da haka ya fara. Ku tafi kasuwa da gorar ruwa a hannu. Ko mai kaya ya rantse, ku tsoma ku matse.

Amma fa na gaji da ganin soson katifa a ƙofar mota! Bara wani ɗalibina ya cusa shi, damina ɗaya ƙasan ƙofar ya yi tsatsa, motar tana warin ruma. Na tambaye shi, "Malam, ka tsoma?" Ya yi shiru. Tsoma, fitar, matse. Ku rubuta kalmomin nan uku a littafinku yanzu, ina kallo. Sannan ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofa hanyar fitar ruwa ce, kada a toshe su.

Darasi na 3: Ƙasan mota

Ƙarar taya da ta titi daga ƙasa take shigowa, abu mai nauyi ne yake tare ta. Shimfiɗar roba mai nauyi ake sawa a ƙarƙashin kafet, da soso a ƙasanta. Shi ma soson a tsoma shi.

Darasi na 4: Robar bakin ƙofa

Ku duba ta. In ta tsage, a canza.