Yadda ake jera zaren kolajin ta hanyar ja a ɗakin gwaje-gwaje

Kolajin furotin ne mai kama da zare da ke ba sassan jiki ƙarfi. Wanda ya daskare ba tare da ja ba, zarurrukansa a hargitse suke kamar audugar da ba a kaɗa ba. A jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi kuwa duk sun fuskanci gefe guda, shi ya sa take ɗaukar nauyi. Aikinka shi ne ka sa ƙwayoyin faibiroblas, wato ƙwayoyin jiki masu ƙera kolajin, su yi wannan kaɗin da kansu.

Fara da kolajin nau'i na ɗaya, wanda aka saba cirowa daga jijiyar wutsiyar ɓera a narkar cikin ruwan asid mai rauni. Komai a kan ƙanƙara za ka haɗa. A zafin Abuja na watan Maris, in ka yi sanyin jiki zai fara daskarewa tun a cikin kwalba. Sanyin Jos ma bai isa ya maye gurbin ƙanƙara ba. Sirka shi zuwa miligiram 2 a kowace mililita, ka riƙa ɗiga NaOH, sinadarin da ke kashe kaifin asid, har pH, wato ma'aunin asid, ya kai 7.4. In akwai rinin nuna pH a haɗin, launin ruwan zai tashi daga rawaya zuwa ja-ja. In ya koma shunayya, ka zarce. Sai bayan nan za ka zuba ƙwayoyin, dubu 500 zuwa miliyan ɗaya a mililita, domin asid kashe su yake yi.

Zuba haɗin a mazubin silikon mai marikai biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, ka sa a inkubeta, wato akwatin ɗumi na rainon ƙwayoyi, mai digiri 37 na Salsiyas da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari. Cikin minti 30 zuwa awa ɗaya ya kama.

Nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Kada ka kunna injin ja tukuna. Ba shi kwana biyar zuwa bakwai. Ƙwayoyin za su riƙe zarurrukan su tsuke jel ɗin, wato kolajin da ya kama. Tunda an ɗaure shi ta tsawo, ta faɗi kawai zai iya tsukewa, sai tsakiyarsa ta yi siriri, zarurrukan su miƙe daga mariki zuwa mariki. Yawancin jeruwar a wannan lokaci take samuwa. In ka ja shi yana ɗanye, a bakin mariki zai yage.

Bayan haka sai ja da saki. Fara da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na tsawonsa, ka haura zuwa 5. In tsawon milimita 20 ne, kashi 5 milimita ɗaya ke nan. Ja ɗaya a daƙiƙa ɗaya ko biyu ya wadatar. Kada injin ya yi ta aiki dare da rana: ƙwayoyin kan saba su daina amsawa, don haka minti goma na ja da hutun awa shida ya fi. Ja mai tsanani kuma yana tayar da sinadaran MMP masu cinye kolajin, alhali matsakaicin ja yana kare zaren da ke ɗame daga cinyewa.

Zuba bitamin C, maikurogiram 50 a mililita, duk lokacin da ka canza ruwan abincin ƙwayoyin, wato bayan kwana biyu ko uku, don saurin lalacewa yake yi. In babu shi, sabon kolajin ba zai murɗu daidai ba. Jeruwa ita kaɗai ba ƙarfi ba ce. Sai sinadarin laisil oksides, mai buƙatar jan ƙarfe, ya ƙulle zarurrukan da juna, wannan kuwa makonni yake ci.

Kar ka ruɗe in ka ga ƙwayoyin da aka shimfiɗa a kan fatar silikon sun juya sun gitta wa hanyar ja. Haka suke yi a fili. A cikin jel ɗaurarre ne suke bin tsawo.

Haɗa inkubeta da injin ja a kan inbata, don ɗauke wuta na 'yan awanni kan sauya zafi da pH. Don dubawa, yanki jel ɗin siriri ka ɗora a gilashi, ka rina yankan da jan rini mai suna fikrosiriyas, ka kalla a maikuroskof ƙarƙashin hasken folaraiz, wato hasken da aka tace ya bi fuska ɗaya: in ka juya gilashin, zaren da ya jeru zai haska ya dushe gaba ɗaya. Daga tsakiya za ka yanka, domin kusa da marikai zarurrukan a baje suke.