Raba intanet ɗin gida da VLAN: inda aka fi yin tuntuɓe

A Gusau ko Birnin Kebbi za ka tarar da gida mai shago a bakin ƙofa, POS na aiki, ga kyamara a zaure, ga maƙwabta da suka haddace lambar sirrin Wi-Fi, kuma duka suna layi ɗaya da kwamfutar maigida. VLAN ne ke tsaga rauta ɗaya zuwa layuka daban-daban. Yawancin ƙananan rautoci ba sa zuwa da shi, sai an sauya manhajar da ke tafiyar da su da wata, irin OpenWrt, DD-WRT ko FreshTomato.

Kuskuren farko shi ne a sayi rauta kafin a duba manhajar da za ta hau kanta. Juya ta ka karanta takardar da ke ƙasa: rautocin Archer C7 v2 da v5 suna ɗaya suke amsawa, amma kowacce da fayil ɗinta. Mai ma'adanar 4MB da RAM 32MB, irin tsofaffin TL-WR841N, OpenWrt ta daina yi musu sabon fitowa. Nemi mai ma'adanar 16MB da RAM 128MB ko sama. In cif ɗin Broadcom ne a ciki, Wi-Fi ɗinta ba ya tafiya daidai a OpenWrt, gara FreshTomato. Rautar 4G da kamfanin layi ya ba ka kuwa, ƙyale ta, ka jona taka a bayanta da kebul.

Wajen filashin, wato ɗora wa rauta sabuwar manhajar, fayil mai "factory" a sunansa na karon farko ne, "sysupgrade" na sabuntawa. Yi ta kebul, kuma a kan inbata ko UPS. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, rautar kan ƙi tashi.

Wani abin da ke ɓata wa mutane dare shi ne bin tsohon bidiyo. Tun fitowar 21.02 a 2021, OpenWrt ta mayar da na'urori da dama daga tsohon tsarin saita ramukan kebul, swconfig, zuwa sabo mai suna DSA, shafin saitin ma ya canza. A DSA, cikin br-lan, gadar da ke haɗa ramukan kebul na rautar, ake kunna tace VLAN. Nan ake kulle kai waje: mutum ya kunna, ya manta bai mayar da lan, wato layin gida, kan VLAN ɗinsa (kamar br-lan.1) ba, sai adireshin rautar, 192.168.1.1, ya daina amsawa. Bar rami ɗaya da alamar U (saƙo ba tare da lambar VLAN ba) a layin gida, kwamfutarka a jone nan. In shafin ya tsaya, kada ka zare wuta, LuCI, shafin saitin OpenWrt, kan mayar da tsohon saiti da kanta bayan ɗan jira. Alamar T (saƙo ɗauke da lambar VLAN) ta ramin da ke zuwa wata rauta ce ko suwic (akwatin ƙara ramuka) mai saiti; suwic mai araha marar saiti ba ya raba komai.

Babban kuskuren dai: a ba gida lambar VLAN 10, shago 20, baƙi 30, a ɗauka an gama. Rautar za ta ci gaba da kai saƙo tsakaninsu muddin suna yanki ɗaya a katangar tsaro (firewall). Ware wa baƙi yankinsu, hanyarsu ta tafi wan, wato ɓangaren intanet, kaɗai, ka hana su shiga rautar, amma ka buɗe musu ƙofa 53 ta DNS, mai nemo adireshin shafuka, da 67 ta DHCP, mai raba wa na'urori adireshi. In ba haka ba, wayarsu za ta kama Wi-Fi babu intanet. Kowane layi kuma da jerin adireshinsa, kamar 192.168.20.1 da 192.168.30.1, kada ko ɗaya ya zo daidai da na rautar kamfani.