Babi na Tara: Shirya Gasa Domin Tallata Littafin Intanet

Marubucin da ya wallafa littafinsa da kansa a intanet shi ne maɗaba'a, shi ne dillali, shi ne kuma mai talla. A lokacin da littattafan hikaya na Kano suke cin kasuwarsu a takarda, marubuci yakan kai kayansa wurin masu shagunan littattafai, su kuma su rarraba zuwa Zariya da Katsina da Sakkwato, har zuwa Maraɗi da Damagaram. Yanzu da akasarin masu karatu suka koma waya, littafi yana fita ne a fayil na PDF, ko a riƙa sakinsa shafi-shafi a Wattpad da zaurukan WhatsApp da Telegram, ko a ɗora shi a manhajar ArewaBooks ko a Selar, wani shafin sayar da kaya a intanet. Babu shagon da mai wucewa zai hangi bangon littafin ya tsaya ya taya. Idan marubuci bai nemo hanyar da za a ji labarinsa ba, littafin yana iya shafe wata da watanni babu wanda ya buɗe shi in ban da 'yan uwa da abokan arziki.

Gasa mai kyauta tana cikin hanyoyin da ake bi a jawo hankalin jama'a. Sai dai a rarrabe tun farko: gasar Hikayata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ta marubuta ce, ana gwada ƙwarewarsu a rubutu. Wadda za mu koya a wannan babi ta masu karatu ce, marubuci ne yake shirya ta da kuɗin aljihunsa, kuma duk abin da ya kashe a kanta kuɗin talla ne. Saboda haka ma'auninta guda ɗaya ne, wato mutum nawa ta sa suka karanta littafin har suka nemi su saya.

Wace irin kyauta za a sa?

Galibin masu shirya gasa sukan fara da katin waya ko data ko tsabar kuɗi, domin su ne kowa yake so. Matsalar ke nan: kowa yana so. Sanarwar da ta ce za a raba data takan tara ɗaruruwan mutane cikin yini guda, amma da yawansu masu farautar kyauta ne, waɗanda suke bin zaure-zaure da lambobin waya biyu ko uku, kuma da zarar an sanar da sakamako sai su fice ba tare da sun karanta ko layi ɗaya ba. Kyautar da ta fi amfanar marubuci ita ce wadda mai son karatu ne kaɗai zai yi ɗokinta: cikakken littafin, ko kashi na biyu kafin ya fita kasuwa, ko kwafin takarda guda ɗaya da aka buga aka sa masa hannu, ko kuma alkawarin ambaton sunan wanda ya ci a shafin godiya na littafi mai zuwa. Ba laifi a haɗa da ɗan kuɗi, musamman ga wanda ya zo na ɗaya, amma kada kuɗin ya yi yawan da zai rufe sunan littafin, har mutane su riƙa cewa "gasar dubu goma" maimakon su kira sunansa.

Ƙofar shiga ta zama karatu

Wannan shi ne ginshiƙin darasin, don haka mu tsaya a kansa sosai. Akwai gasar da ake cewa duk wanda ya rubuta "ina ciki" a ƙarƙashin sanarwa ya shiga. Irin wannan ba ta ƙarar da littafi da komai, domin mutum yana iya cinye kyautar bai san ko sunan tauraruwar labarin ba. Gasa mai amfani ita ce wadda ba a iya shigarta sai an karanta.

Hanya mafi sauƙi ita ce marubuci ya saki babi uku ko huɗu na farko kyauta, kamar yadda mai kilishi yake miƙa ɗanɗano kafin a yi ciniki, sannan ya gina tambayar gasa a kansu. Mu ƙaddara wata marubuciya ta rubuta labarin amaryar da aka kai gidan da uwar miji take ɓoye wani ɗaki a kulle, kuma babi na huɗu ya tsaya daidai inda amaryar ta tsinci makullin a cikin kwallar kayan miya. Idan marubuciyar ta tambayi sunan amaryar, mutum ɗaya zai amsa, sauran su kwafa. Idan kuwa ta ce, "A cikin layi biyar, faɗi abin da kake zaton yana cikin ɗakin, ka kuma kawo hujja daga abin da ka karanta," to dole kowa ya koma ya karanta da natsuwa, amsoshi ba za su zo iri ɗaya ba, kuma wanda ya ɓata lokacinsa yana hasashe zai so ya san ko ya canka daidai. Wannan son sanin shi ne yake kai hannunsa aljihu ranar da aka ce ragowar littafin na kuɗi ne.

Akwai wasu sigogin da suke aiki haka nan. Ana iya neman a rubuta wasiƙar nasiha zuwa ga wani daga cikin mutanen labarin, ko a karanta sakin layi ɗaya da murya a turo, wanda ya dace da masu karatun da rubutu yake yi wa wuya. Idan littafin na koyar da sana'a ne, kamar girki ko ɗinki ko haɗa turaren wuta, sai a ce kowa ya gwada darasin farko ya turo hoton abin da ya yi. A ganina wannan ta fi kowace ƙarfi, domin hoton alkakin da wata ta soya da hannunta bisa bayanin littafi ya fi duk wani yabo da marubuciya za ta yi wa kanta.

Iyaka tsakanin gasa da caca

Idan aka ce sai mutum ya biya kuɗi kafin ya shiga, sannan aka zaɓi wanda ya ci ta hanyar ƙuri'a, to an tara kuɗin mutane da yawa an ba wa mutum ɗaya bisa sa'a, kuma wannan ita ce siffar caca, wadda addini ya haramta, jama'armu kuma suke ƙyama. Hukuma ma tana da ta cewa: a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukuncin cewa tsara harkar caca da ƙuri'ar sa'a hurumin jihohi ne, saboda haka dokar jihar da mutum yake zaune ita ce za ta hau kansa. Ƙaramin marubuci ba shi da buƙatar kusantar wannan iyaka. Ya bar shiga gasa kyauta, ya gina ta a kan shafukan da ya saki kyauta, ya kuma zaɓi gwani bisa ingancin amsa. Wanda ya saya ya saya ne don yana son labarin, ba don yana sa ran cin riba ba.

Lissafi kafin sanarwa

Ku ɗauki biro da takarda mu yi wannan misali tare. Littafi ana sayar da shi N500. Marubuci ya yi niyyar ba wa na ɗaya N10,000, na biyu N5,000, na uku N3,000, jimla N18,000. Ya kashe N2,000 wajen data da biyan wanda ya tsara masa hoton sanarwa. Kuɗin gasa gaba ɗaya ya zama N20,000. Idan aka raba N20,000 da N500 za a sami 40, ma'ana sai ya sayar da kwafi 40 kafin ya mayar da abin da ya kashe. Idan ta manhaja yake sayarwa, kuma muka ƙaddara tana cire kashi ɗaya cikin biyar, N400 ce take shigo masa a kowane kwafi, sai adadin ya tashi zuwa 50.

Akwai wani wurin da mutane suke yawan yaudarar kansu. Idan dama can marubucin yana sayar da kwafi 10 a mako ba tare da wata gasa ba, kuma gasar ta ɗauki mako biyu, to kwafi 20 na farko ba gasa ce ta kawo su ba. Sai abin da ya haura su ne ake lissafa mata. Wanda mabiyansa ba su wuce mutum 100 ba, bai kamata ya sa kyautar da sai ya sayar da kwafi 50 zai mayar ba. Ya fara da kyautar littafi, wadda ba ta cire masa ko sisi daga aljihu. Kuma kada a sanar da kuɗin da ake sa ran samu daga cinikin da ba a yi ba tukuna. A ware kuɗin kyautar a ajiye gefe kafin a buɗe baki.

Rubuta ƙa'idoji

Ƙa'idoji su kasance gajeru, a wuri guda, kuma kada a sauya su bayan an fara. Su faɗi wanda yake da damar shiga, da inda za a tura amsa, da rana da sa'ar rufewa, da yadda za a zaɓi gwani, da ranar sanar da sakamako, da yadda kyauta za ta isa hannun mai ita. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga marubucin Hausa, domin masu karatunsa suna Nijar da Ghana da Kamaru da Sudan da Saudiyya, kuma katin wayar Nijeriya ba zai amfani mai karatu a Maraɗi ba, wanda kuɗinsa sefa ne. Ko dai a faɗa tun farko cewa kyautar kuɗi ta mazauna Nijeriya ce, ko a tanadi hanyar aikawa. Mako ɗaya zuwa biyu ya isa. Gasar da ta daɗe takan huce kafin ta ƙare.

Su ma kafofin suna da nasu sharuɗɗan. Facebook bai yarda a sa "yaɗa wannan a shafinka" ko "kira sunayen abokanka" su zama sharaɗin shiga gasa ba, kuma yana so a bayyana cewa ba shi ne ya ɗauki nauyinta ba. Masu rubutu da Turanci da suke ɗora littattafansu a Amazon su sani cewa kamfanin ya hana a ba da lada don a rubuta wa littafi sharhi, kuma wanda ya shiga tsarin kamfanin mai suna KDP Select ya amince cewa har kwana 90 ba zai sayar da littafin ko ya rarraba shi a wani wuri na intanet ba, ko da yake an ba shi kwana 5 a cikinsu da zai iya mayar da shi kyauta a can. A WhatsApp kuwa, abin da aka sa a sitatus yana gushewa bayan awa 24, don haka a riƙa sabunta sanarwar, zaure ɗaya kuma ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024.

Alƙalanci da cika alkawari

Marubuci kada ya zama alƙali shi kaɗai. Ya nemi mutum biyu ko uku da jama'a suka yarda da su, kamar malamin Hausa ko wani marubuci da ya girme shi a harkar, ya cire sunayen masu amsa ya sa musu lambobi kafin ya miƙa. 'Yan gidansa da aminansa na kusa su haƙura da shiga, domin ko da amsarsu ta fi ta kowa, babu wanda zai yarda. Ranar sakamako a wallafa amsar da ta ci tare da dalilin alƙalai, a biya kyauta a ranar, a kuma nuna shaidar biya bayan an rufe lambar asusun mai karɓa. Alkawari kaya ne, kuma labarin marubucin da ya yi gasa bai biya ba yana zagaya zauruka da sauri fiye da labarin littafinsa.

Idan kyautar fayil ce ta cikakken littafi, a rubuta sunan wanda ya ci a shafin farko da wasu shafukan ciki, domin hakan yana sa mutum ya yi tunani kafin ya tura wa wani. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare littafin intanet kamar yadda take kare na takarda, amma fayil ɗin da ya riga ya bazu a zauruka babu mai iya tattaro shi.

Waɗanda ba su ci ba su ne ainihin kasuwar marubuci, tunda sun karanta sun kuma nuna sha'awa. A gode musu, a yi musu rangwame na kwana biyu ko uku tun labarin yana da zafi a ransu. Amma lambobin wayarsu amana ce: Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta hana amfani da bayanan mutum a wani abin da ba shi aka karɓe su dominsa ba sai da yardarsa, saboda haka a tambayi kowa kafin a sa shi a wani zaure ko a riƙa tura masa talla.

Aikin aji

Ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya zaɓi littafin da ɗaya daga cikinku ya rubuta ko yake shirin rubutawa, ya tsara tambayar gasa guda ɗaya wadda ba a iya amsa ta sai an karanta babin farko, ya kuma rubuta ƙa'idojinta cikin jimlolin da ba su wuce shida ba. Bayan haka ku warware wannan lissafi: littafi yana N300, kuɗin gasa gaba ɗaya N12,000, marubucin kuma dama yana sayar da kwafi 5 a mako. Idan gasar ta ɗauki mako biyu, kwafi nawa zai sayar a cikinsu kafin a ce ta mayar da kuɗinta? Wakilin kowane rukuni zai karanta tambayarsu da ƙarfi a gaban aji, sauran kuma su gwada ko za su iya amsa ta ba tare da sun ga littafin ba.