Yadda ake fitar da ruwan toka daga ɓawon gyaɗa

Da kaka, duk inda injin ɓarar gyaɗa yake, a cikin Daura ko kasuwar Mai'aduwa, za ki tarar da ɓawo tsibi-tsibi. A cikinsa akwai sinadarin fotash, wanda shi ne ƙarfin ruwan tokar da ake sabulun salo da shi. Harawa kam kada ki sa mata wuta, kuɗi ce a wurin masu kiwon raguna. Busasshen ɓawo kawai za ki kwaso, ki sheƙe ƙasar da ke ciki.

A wurin ƙonawa masu koyo ke ɓata aikin. Sai su tara ɓawon a ƙasa su cinna wuta, sama ya cinye, ciki ya tsaya baƙi ƙirin, su kwashe har da yashi. Ki samu rabin ganga, a huda gindinta, ki ɗora kan duwatsu don iska ta shiga ta ƙasa, ki shimfiɗa tsohon kwanon rufi a ƙarƙashi ya tari abin da ke zubowa. Ɓawo ba ya ci da harshen wuta kamar kara, turnuƙewa yake yi. Saboda haka kaɗan-kaɗan ake zubawa, ana motsawa da ƙarfe, har tokar ta yi fari-fari, ki murza a yatsa ki ji laushi ba tsakuwa. Kada ki kashe wutar da ruwa! Fotash ɗin narkewa yake yi, ya bi ruwan ya shige ƙasa. Ki bar ta ta mutu da kanta, ki rufe saboda iskar hunturu. Buhu guda toka kaɗan yake bayarwa, don haka in sai kin saya da tsada, ki haƙura.

Sai tacewa. Tukunyar ƙasa mai ƙananan huda a gindi, ki shimfiɗa tsumma da ɗan kara, ki danna tokar, ki riƙa zuba ruwa a hankali yana ɗiga cikin wata tukunyar. Ruwan farko shi ne mai ƙarfi, na biyu ki mayar kan sabuwar toka.

Ki tafasa shi a tukunyar ƙarfe, ba ta dalma ba, don yana cin ta. Idan ɗanyen ƙwai ya taso a samansa, ya isa haɗa sabulu. Ki sa safar roba, ki kiyaye idonki, ki ajiye shi a jarka mai murfi inda hannun yara ba ya kaiwa.