Yadda shugaban ma'aikata a Yamai zai rage wa kansa nauyi

Hausawa sun ce babba juji ne, kuma a ofisoshin Yamai haka ake ɗaukar duk wanda aka ba muƙami. Wannan na neman avans, wato rance a kan albashinsa, wancan matarsa ta haihu, na sama na kiran waya bayan Isha'i, ga 'yan uwa daga ƙauye da suka ji an yi masa darakta. Ba wanda ke tambayar sa ko ya yi barci.

Abu na farko, ka san alamun gajiyar aiki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa gajiyar aiki mai tsanani matsala ce da wurin aiki ke haifarwa, ta kuma faɗi alamunta uku: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ranka, ƙwazonka ya ragu. In ka ga kana yi wa sakatariya tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba, ko ka tsaya cikin cunkoson gadar Kennedy kana fatan kada ka isa ofis, kada ka ɗora wa zafin watan Afirilu laifi.

Sai ka raba aiki, nan ne kuma yawancin shugabanninmu ke kasawa. Mun saba da cewa takarda ba ta tafiya sai babba ya sa hannu, har izinin sayen tawadar injin buga takardu. Zauna da mataimakinka, ku rubuta abubuwan da zai yanke hukunci a kansu ba tare da kai ba, ka sanar da kowa a taron ma'aikata. Ranar da wani ya tsallake shi ya zo maka da "ranka ya daɗe, kai ne dai za ka duba mini", mayar da shi wurinsa cikin mutunci. In ka karɓa sau ɗaya, ka rushe tsarin da hannunka. Mataimakin naka zai yi kuskure, tabbas. Gyara masa a keɓe.

Maganar kuɗi ma tana cin rai. Ku buɗe asusun taimako na ofis, kowa ya zuba kaɗan a ƙarshen wata, domin suna da rasuwa da jinya su daina faɗawa kan aljihun mutum guda.

Ka sa wa WhatsApp iyaka. Faɗa wa ma'aikatanka cewa bayan Magariba sai abin gaggawa, kai ma kada ka tura musu saƙo da tsakar dare.

Ɗauki hutunka. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tsayar da awa 40 a mako, ta kuma ba ma'aikaci hutu da albashinsa. Ina jin takaicin shugaban da ke alfahari da cewa ya yi shekaru bai je konje ba, domin na ƙasa da shi sai su ji kunyar neman nasu.

Nemi wani mai irin muƙaminka a wata ma'aikata, wanda ba ku da gasa, ku riƙa zama kuna faɗa wa juna gaskiya. In rashin barci da ƙuncin zuciya sun wuce mako biyu, je ka ga likita. Babban Asibitin Yamai yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Addu'a da magani ba sa hana juna. In kuwa tunanin kashe kanka ya fara zuwa maka, faɗa wa wani na kusa, ku tafi asibiti a ranar.