Yadda za ku nemi a gyara hanyar garinku

Kafin a rubuta ko layi ɗaya, ku fara sanin mai hanyar. Babban titin Kano zuwa Katsina da ya ratsa ta Bichi na gwamnatin tarayya ne, facinsa yana hannun FERMA, hukumar gyaran titunan tarayya. Titunan jiha kuwa ma'aikatar ayyuka da KARMA, hukumar gyaran titunan jihar Kano, ke kula da su. Amma hanyar burji da ta taso daga ƙauye ta haɗe da kwalta, wadda amalanke da a-kori-kura ke bi ranar kasuwa, galibi ta ƙaramar hukuma ce. In kuka kai kuka inda ba huruminsu ba, za a karɓi takardarku da mutunci, daga nan shiru.

Ni ke riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban garinmu a ƙasar Bichi, kuma shawarata ita ce ku tara shaida tun ruwa na zuba. A watan Agusta ku ɗauki hoton duk inda mota ke kafewa, ku auna tsawon hanyar da mitar babur. Sannan ku je tasha. Direbobi da 'yan kamasho sun fi kowa sanin ciwon hanya: nawa ake ɗaukar mutum da buhun gero da rani, nawa da damina, mota nawa ta daina shigowa. Ku rubuta yadda suka faɗa, shugaban tasha ya sa hannu. Ma'aikaciyar asibitin garinku ma ta faɗi yadda ake fita da mai naƙuda cikin dare. Wannan magana ba ta barin mai karatu ya zauna lafiya.

Takarda kada ta wuce shafi ɗaya. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, a kai wa hakimi ya sa albarka, kansila ya raka ku wurin shugaban ƙaramar hukuma. A ba ɗan majalisar jiha na mazaɓarku kwafi. Duk ofishin da kuka miƙa, a buga muku hatimi a kan taku, ku adana. Ku kai da kaka, domin wajen ƙarshen shekara ake gabatar da kasafin kuɗi, abin da bai shiga ba kuwa sai baɗi. Idan hanyar tana kai amfanin gona kasuwa, ku faɗi haka ƙarara, don RAAMP, shirin gyaran hanyoyin karkara mai tallafin Bankin Duniya, wanda Kano ke ciki, irin waɗannan hanyoyi yake nema.

Abin da na fi so ku ji shi ne, kada ku ce kwalta ko a fasa. Ruwa ne ke cin hanya. Kwalbati biyu a mazurarin ruwa, da lambatu, da cikon burji, za su sa motar haya ta dawo garinku tun kafin a zo maganar kwalta, kuma ƙaramar hukuma na iya ɗaukar nauyinsu.

Kafin amsa ta zo, a yi gayya a yashe gefen hanya, a tayar da tsakiyarta yadda ruwa zai gangara. Kada a cike rami da ƙasar gona ko shara, ruwan farko zai mai da shi taɓo. Ranar da ɗan kwangila ya iso, ku haɗa injiniyansa da dattawan da suka san inda ruwa ke bi a shekarar ambaliya, tun kafin a haƙa ramin kwalbati.